Shinkafar Diyya

Daren jiya mafarki ya ɗauke ni ya dire a wani gari da ake biyan diyya kafin a ji rauni. Ni dai lebura ne a wurin yankan katako, shekara tara ina ɗora gungume ina saukewa, ko ƙwarzane ban taɓa yi ba. Sai ga ni a layi gaban wani ofis, mu da birkiloli da masu walda, kowa hannunsa lafiya lau, kowa na share hawaye.

Akawun ofishin bunsuru ne mai tabarau. Ya duba takardata, ya ɗan ci gefenta, ya ce, "Tanimu na wurin katako? Sannu, Allah ya ƙara sauƙi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai lafiyata ƙalau."

"Mun sani. Mu nan ba ma son ma'aikaci ya yi ta zarya bayan abu ya faru. An ba ka buhun shinkafa, diyyar yatsa ɗaya. Ka kawo yatsan kafin la'asar."

Na ce wallahi na yafe, a bar buhun. Ya ce ai an riga an kai gida.

Sai ga ni a tsakar gidana. Ruwa na tsattsafowa daga ƙasa yana tafiya sama, matata Kande ta kife bokitai a kan igiyar shanya tana tara. Na hangi tukunya a kan murhu. Na ce, "Kande, kar ki taɓa shinkafar nan, ta mutane ce!"

Ta ce, "Haba maigida! Yara sun ci, an miƙa wa maƙwabta, har Inna ta aiko a yi maka sannu da hannu."

Maƙwabta kuwa sun cika zaure, sun zo dubiya, har da mai kawo lemo. Mai shayin bakin layinmu ya ce, "Wane yatsan ne, Malam Tanimu?" Na ce ban zaɓa ba tukuna. Duk suka ce ayya, lallai jikin da saura.

Na zauna ina kallon hannuna. Babban yatsa da shi nake dangwala takarda. Manuni na tahiya ne, in na ba da shi me zan ɗaga a sallah? Biyun tsakiya su ke riƙe mini gungume. Mai shayi ya ce, "Ba da ƙaramin mana, uban me yake yi maka?" Na kalli ƙaramin yatsan. Shi ne wanda 'yata Sa'a take kamawa in za mu tsallaka titi, don hannunta bai isa ya riƙe sauran ba.

Kafin in ɗago kai, ina wurin aiki. Garin katako na tashi yana manne wa rufin kwano. Injin zarto na zaune a kujerar oga, haƙoransa a waje. Na tambaya ina murfin da ke rufe haƙoran, aka ce ya tafi hutu. Barau, wanda ke aiki a kan injin, yana tsaye gefe da hannu a naɗe. Ya raɗa mini, "Kar ka rufe ido. Ni na rufe, sai ya ɗauki uku, ga shi buhu ɗaya aka ba ni."

Bunsurun ya shigo da ɗan kwano a baki, ya ajiye a ƙarƙashin zarton. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa kaka, zan biya shinkafar." Ya ce ba sa karɓar shinkafa, su bayarwa suke yi. Ladan ya gyara murya a lasifika, zai kira la'asar. Na cusa hannuwana a hammata na matse, gumi na keto mini. Hannun dama ya zame ya fita da kansa, ya kama hanyar zarton a kan tebur, ƙaramin yatsan na gaba. Ina kiransa, ko waiwaye. Zarton ya fara: ƙarr, ƙarr, ƙarr.

Na buɗe ido. Kande ce a tsakar gida take kankare ƙanzo a tukunya. Na ƙirga yatsuna, goma cif, na sake ƙirgawa.

A nan na tuna jiya da yamma. Oga ya kira ni gefe ya ce daga yau ni zan tsaya a kan zarto, tunda Barau ba zai ƙara iyawa ba. Murfin kuma an yi oda, yana hanya. Ya dafa kafaɗata, ya miƙo mini shinkafa a leda, ya ce in kai wa iyali.

Kande ta leƙo. "Maigida, taso ka karya kar ka makara, na ɗumama maka sauran shinkafar oga. Kai, mutumin nan akwai kirki."

Na ce ba na jin yunwa. Sa'a ta shigo da gudu, ta kama ƙaramin yatsana, tana ja na zuwa wurin kwanon.