Barsu Ya Koma Gurgu

Na daɗe ina jan mota tsakanin Kibiya da Kano, na ɗauki mutane iri-iri, amma ban ga wanda bakinsa ya kusa kai karensa tukunya ba sai Shitu na Fassi.

Shitu ɗan farauta ne a da. Abin da farauta ta bar masa tabo ne a ƙwauri da wani tsohon kare, Barsu, wanda ƙafarsa ta baya ta sage, sai dai ya ja ta. Ana nan sai 'yarsa Sharifa ta zo daga Kano, ta nuna masa a waya yadda Turawa ke ba karnukansu kurkum saboda ciwon gaɓɓai. Shi ke nan. Shitu ya auno garin kurkum a kasuwar Rano, ya riƙa kwaɓawa da man ja cikin sauran tuwo. Bakin Barsu ya yi rawaya shar.

Na ce masa, "Shitu, yaushe ne bikin? Na ga ana yi wa amarya gyaran jiki."

"Yi dariyarka, Alhaji Ƙasimu. Jiya Barsu ya bi zomo har ya wuce shi, ya tsaya yana jiransa."

Kullum a majalisa zancen ke nan. Yau Barsu ya tsallake rafi, gobe ya hau rumbu. Mu dai a kwance muke ganinsa. Shitu ya zama likita, har awakin mutane yake yanka wa adadin cokali. Ba ka isa ka ce kanka na ciwo a gabansa ba.

Sai rannan maƙwabcinsa Halliru ya kai ƙara wajen Mai Unguwa Mato. Matarsa Ramatu, mai sayar da fura, ta tarar an shanye mata kindirmo, an lashe ƙwaryar, ga sawun kare a gindin katanga. Ƙwaryar sai da ta wanke ta sau bakwai. Halliru ya rantse in Barsu ne, a miƙa shi ga masu sayen karnukan nan da ke zagayowa da mota. Kowa ya san inda tafiyarsu take ƙarewa.

Muka taru a zauren Mato. Shitu ya zo da Barsu, ya ɗaure shi a waje.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, katangar Halliru ta kai ƙirjina. Ina tsohon kare ina haura ta?"

Halliru ya ce, "Au! Ba shi ne mai jiran zomo ba?"

Aka kwashe da dariya. Mato ya ɗaga hannu.

"Malam Shitu, magana ɗaya ce. In maganinka ya yi aiki, karenka zai iya haurawa, sai ya bi mota. In bai yi ba, gurgu ne, ba ruwansa. Wanne ne?"

Na san Shitu tun muna samari. Gara a zare masa haƙori da ya ce ya yi ƙarya. Ya cire hula, ya sosa kai, ya mayar. Ya leƙa waje. Barsu na kwance ya ɗora haɓa a kan takalminsa.

"To, zomon nan..." Ya yi gyaran murya. "Mai yiwuwa bushiya ce."

"Rafin fa?"

"Da rani ne. Ba ruwa."

"Rumbun?"

"Haba, ranka ya daɗe! Ni ma ba na iya hawa rumbu. Gurgu ne, wallahi gurgu ne! Kurkum bai yi masa komai ba sai shafa baki."

Halliru ya yi dariya har da tari, fushin ya tafi. Ya ce ko don jin wannan, ya yafe kindirmon.

Mato ya sa aka miƙo ƙwaryar. Ina kusa da shi. Duk da wankin nan, akwai wani ɗan zane mai rawaya a cikinta, daidai faɗin harshe, don kurkum ba ya barin ƙwarya da sauƙi. Mato ya dube shi, ya dube ni, ya kife ƙwaryar a kan tabarma.

Ya ce, "Karen wani gari ne. A tashi."

Da muka fito na kama hannun Shitu. Na ce, "Ka aika wa Ramatu sabuwar ƙwarya, ka ce tsaraba ce. Ka kuma nemi igiya mai ƙwari."

Ya tsaya cak. "Kana nufin... shi ne? Ya haura?"

Na nuna masa bakin Barsu mai rawaya. Fuskarsa ta washe, ya juya zai koma zauren.

Na riƙe masa riga. "Ina za ka?"

"In gaya musu maganin yana yi mana!"

"Motar karnuka fa?"

Ya dubi zauren, ya dubi Barsu. Sannan ya kwance Barsu suka nufi gida. Har suka sha kwana ina jin yana ce masa, "Ja ƙafar mana, ɗan banza, ana kallonmu."