Ƙaho Goma Sha Biyu Kafin Awon Jini

Shekara tara Labbo yana jan motar wani tsakanin Tsafe da Gusau, bai taɓa kwanciya ciwo ba. A damanar 1977 wata ma'aikata a Gusau ta nemi direba, aka gwada shi, ya ci. Saura abu ɗaya: takardar likita, kuma sai an auna jini. Aka ba shi ranar Litinin.

A tasha aka yi masa bayani. Wai akwai kwalbar da ake zuba jinin mutum, duk dattin da ke ciki sai ya kwanta a ƙasa kowa ya gani. Labbo ya tuna rogon da ya ci a rayuwarsa, da ruwan rafin da ya sha a Kucheri. Ranar Alhamis ya tafi wurin Sahabi wanzami.

"Ƙaho nawa za a kafa?" in ji Sahabi.

"Nawa bayan mutum ka ɗauka?"

"Naka? Shidda."

"Sa sha biyu. Aikin gwamnati na."

Sahabi ya tsaga, ya zuƙa, ya juye baƙin jini a kasko yana nuna masa. "Dubi abin da za ka kai wa likita. Da ka ji kunya."

Labbo ya koma Asabar aka ƙara. Sauran lokacin ya yi shi a bakin sitiyari, bayansa manne da kujerar roba, gumi na shiga tsagar. Kafin Litinin wuraren sun kumbura sun fara ruwa. Ya sa riga biyu.

Mai awon jinin wata mata ce, Dibora. Ta ɗebi jinin a hannunsa, ta zuba a wani siririn bututun gilashi mai lambobi, ta tsayar da shi cak, ta duba agogo.

"Awa ɗaya, Malam. In akwai kumburi a wani wuri a jiki, jan yakan sauka da sauri. In babu, da kyar yake motsi."

"Ba za ki ga komi ba," in ji Labbo. "An riga an share."

Ba ta tambaye shi me yake nufi ba. Ya zauna a bakin benci, bai jingina ba, yana kallon jan yana gangarowa kamar an kira shi.

Da awa ta cika ta rubuta lamba, ta dube shi. "Kana tari?"

"A'a."

"Wani ciwo fa? Ƙurji, miki?"

Ya yi tunanin rigarsa ta ciki da ta manne. In ya faɗa, za a ce baƙauye ne, bai dace da motar ofis ba.

"Lafiyata lau."

Likita ya ga lambar, ya ga idon Labbo ya yi fari, ya ce ba zai sa hannu ba sai an yi hoton ƙirji an sake awo bayan wata guda. Ma'aikatar ba ta da wata guda. Ranar Laraba ta ɗauki wani.

Bayan ya warke, Labbo ya koma. Jinin ya tsaya a bututun, da kyar ya motsa. Dibora ta ce ta taya shi murna, likita ya sa hannu, Labbo ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya hau tsohuwar motar da yake ja.

A Tsafe ya ba Sahabi labari duka. Sahabi ya daɗe yana girgiza kai.

"Sha biyu, sannan ga na Asabar, kuma duk da haka sun gani," ya ce. "Da ka zo tun Talata."