Hula ta Goma

Orval Brekke mutum ne da ba ya iya wuce abu mai ƙyalli a ƙasa bai duƙa ba. A rumfarsa ta bayan gida, can gindin duwatsun Montana, akwai kwalba cike da haƙoran barewa, da wani dutse mai kama da kunnen mutum, da tukunyar da ya shekara arba'in yana narka dalma a cikinta. Harsashinsa da hannunsa yake zubawa.

Harsashin dalma kuwa yana da lalura guda. In wutar albarushi ta yi ƙarfi sai ta lashe masa gindi, ya tafi a karkace. Shi ya sa ake matsa masa wata 'yar hula ta ƙarfe a gindin, wadda ba ta kai farcen ƙaramin yatsa ba. Kowa ta jan ƙarfe yake saye a kanti. Orval kaɗai yake huda tasa daga gwangwanin giya na alminiyam. Ba don rowa ba. Shi dai yana son ganin abin da zai fito a kowace hula: rabin harafi, ko gefen tauraro, ko jan layi. Yakan juya fentin ciki, wajen dalma, don kada wuta ta cinye shi.

Gwangwanayen bana na maƙwabcinsa Elmo Stroud ne, masu hoton mujiya. Sun fi na da laushi. Da yake matsa hulunan ya ji wata ta juya a ƙarƙashin babban yatsansa, kamar zoben da ya yi wa yatsa yawa. Amma ita ce wadda idon mujiyar ya faɗo daidai tsakiyarta, rawaya da baƙin ɗigo. Ya daɗe yana kallonta, bai iya jefar da ita ba. Ya ɗura harsashin, ya ajiye shi a ƙarshen layi, na goma.

Ran Asabar da safe 'yarsa Marlys ta zo da bindigarta. Kyarkeci ya kashe mata maruƙa uku a kan tudu, mako uku tana binsa. Elmo na nan zaune kan buhun gishirin shanu, yana shan kofin da ba a ba shi ba.

"Ke ma kin zo wurin maƙerin gwangwani?" in ji shi. "Ki yi hattara, harsashin nan in ya shiga jikin kyarkeci buguwa kawai zai yi, ya tafi gida yana tangaɗi."

"Kai ka san buguwa, ai kai ka shanye abin da ke ciki," in ji Orval.

"Ku dai tsofaffin nan ku bar ni in gwada, rana na yi," Marlys ta ce.

An kafa takarda a jikin kututture, taku ɗari daga tebur. Daren jiya an yi dusar ƙanƙara, fili fari fat, ko sawun zomo babu. Ta harba tara daga cikin harsasan nan goma, duk suka taru wuri ɗaya, tafin hannu zai rufe su. Na goma bai yi ƙara irin ta 'yan'uwansa ba. Wani irin sauti ya yi, kamar tarin tsoho a ɗaki na kusa. Ramin ya fito can gefen takarda.

"Wannan fa, Baba?"

"Sanyi ne. Hannunki ya gaji."

Ta miƙa hannu za ta ɗauki sandar goge bututu, ya riƙe ta.

"Haba 'yar nan, sai ka ce ba ni na koya miki ba. An gama daidaita bindiga kuma a goge ta? Harbin farko zai kauce miki, kuma harbi ɗaya dabbar nan za ta ba ki."

Haka duk mafarautan kwarin suke yi, haka ubansa ya yi. Ya yanko baƙin salatif irin na masu gyaran wuta, ya manne bakin bindigar don kada ƙanƙara ta shiga. Bai leƙa ciki ba. Ya ba ta harsashi goma sabbi. Elmo kuma, duk da bakinsa, ya kwashi ashirin ya zuba a aljihu.

"Na kyauta ai ba a raina shi," ya ce. "Da yamma zan leƙa barewa a tsallaken rafi. In na mutu ka gaji gwangwanayena."

Da suka tafi, Orval ya nufi kututturen don ya ciro takarda. Bai yi taku goma sha biyar ba ya ga wani abu na ƙyalli a kan ƙanƙara. Ya duƙa. Hula ce, ta yi baƙi a waje, a ciki ga rabin harafi ja. Gaba kaɗan ga wata. Ga wata kuma.

Da farko ma daɗi ya ji, irin na mai tsintar abin mamaki. Ya jera su a tafin hannu yana juyawa. Sannan tunani ya iso shi a hankali: hula ba ta rabuwa da harsashinta. Tare ake binne su a cikin kututture. Waɗannan tun a bakin bindiga suka saki.

Ya ƙirga. Tara.

Ya koma ya bi layin a kan gwiwoyinsa. Ya ɗauko rariyar da yake tace toka, ya tace ƙanƙarar tun daga tebur har kututture. Hannuwansa suka mutu da sanyi. Ya sake ƙirgawa, ya duba cikin kowace. Akwai haruffa, akwai gashin fiffike, akwai ɗan baki. Babu ido.

Ramuka goma a takarda, huluna tara a hannu. Sai wannan tarin ya dawo masa a kunne. Hula ta goma ba ta fita daga bututun ba.

Ya taɓa ganin abin da ke faruwa in aka harba bindiga da wani abu tokare a bututunta. Shekaru da yawa da suka wuce, a wani shagon gyaran bindiga, an rataye guda a bango don mutane su gani. Ƙarfen ya tsage gida huɗu ya lanƙwashe baya kamar bawon ayaba. A lokacin abin ya burge shi, har ya roƙi a sayar masa. Mai shagon ya ce mai bindigar yana nan da rai, amma da hannun hagu yake gaisawa, kuma ido ɗaya yake gani da shi.

Ya kira wayar Marlys. Kan tudu babu sabis, ya sani, amma ya kira sau uku. Ya zuba hulunan a aljihu ya tayar da a-kori-kura.

Motar ta kai shi har ƙofar shinge ta biyu, inda ya tarar da tata a ajiye. Daga nan ƙanƙara ta kai gwiwa. Ya bi sawunta. Shekararsa saba'in da huɗu, huhunsa kuma ya sha hayaƙin dalma. Itatuwan nan dogaye sun yi tsit, ko tsuntsu ba ya motsi. Kowane taku yana jiran ƙarar, yana tsara yadda za ta kasance: ba irin ta harbi ba, mai faɗi, mai ƙarfe a ciki. Hulunan na kaɗawa a aljihunsa kamar ƙananan haƙora.

Da ya fito bakin kurmi ya hango ta. Tana kwance rub da ciki bayan wani faɗaɗɗen icce, can sama ta hannun dama, bindiga a kan jaka, kunci a manne da ita. A ƙasan gangare ga gawar maraƙi, ga kyarkecin yana fitowa daga cikin itatuwa, toka-toka, babba, yana tafe yana tsayawa.

Orval ya buɗe baki ya kira sunanta. Iska kawai ta fito. Ya sake, ko shi bai ji kansa ba.

Sai ya bar sawun. Ya gangara cikin filin, yana faɗuwa yana tashi, har ya shiga tsakaninta da dabbar. Ya tsaya ya juyo ya fuskanci bakin bindigar, ya ɗaga hannu biyu. Daga nan yana iya ganin ɗan baƙin salatif ɗin da ya manna da hannunsa.

Bai ga tafiyar kyarkecin ba. Ita ya gani ta taso tana zabga ƙafa cikin ƙanƙara, fuskarta ba jini.

"Ka haukace ne? Baba, ka haukace? Yatsana na kan kunamar bindiga! Maɓallin rigarka na gani a madubin saiti! Mako uku, mako uku ina kwana da dabbar nan a raina!"

 Ya karɓi bindigar, ya fitar da harsashin, ya zare ƙarfen da ke toshe bayan bututun, ya ɓare salatif. Ya ɗaga bututun sama ya miƙa mata.

"Leƙa."

Ta leƙa. Inda ya kamata ta ga farin da'ira, siririn haske kawai ta gani a gefe, kamar jinjirin wata.

Ya warware waya daga jikin shinge, ya miƙar da ita, ya zura ta baki. Sai da ya danna da ƙarfi. Abin ya faɗo a tafin hannunta, a lanƙwashe, baƙi ƙirin. Ta juya shi da farce. Idon mujiyar na nan, rawaya, wuta ba ta taɓa shi ba.

 Sannan ta ciro sauran harsasan daga aljihu, ɗaya bayan ɗaya, ta zuba masa a hannu. Ya murza gindin wanda ya fitar daga bindigar, yana tunanin hular da ke ɓoye cikin kwanson, ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba gaban 'yarsa.

"Na ji ta juya tun a tebur," ya ce. "Kyanta ne ya hana ni yar da ita."

"Duk daga gwangwani iri ɗaya ka yanka?"

"Duka."

"Baba." Muryarta ta yi ƙasa. "Nawa Kawu Elmo ya ɗiba?"

Kafin ya buɗe baki, daga tsallaken rafi, can nesa, aka ji harbi ɗaya. Ƙarar ta bi duwatsu ta dawo, ta mutu. Su biyun suka tsaya kamar an dasa su. Kowa a kwarin ya san Elmo bai taɓa samun barewa da harbin farko ba. In hula ta maƙale masa a bututu, harbi na biyu ne zai fasa bindigar.

Marlys ta cusa hannu a aljihun ubanta ta zaro makullin motarsa, wadda ta tare tata a ƙofar shinge.

"Ka biyo ni a hankali," ta ce, ta kwasa da gudu.

Ya bi sawunta, idon mujiyar a dunƙule cikin hannunsa, yana takawa a hankali don kada ƙarar ƙanƙara ta hana shi ji.