Bulon da Baffa Ya Jefa

Shekara ashirin da shida ke nan Baffa magini bai ɗora bulo ya wuce kafaɗarsa ba. Dakalin ƙofar gida, ɗakin kaji, gyaran kwata, iyakarsa ke nan. Mutane suka ce tsufa ne. Ya bar su a haka.

Ran nan da hantsi 'yar ƙanensa marigayi ta kira shi ya duba mata bango da ya tsage ta sama. Tana cikin uwarta ubanta ya rasu, ga ta yau da gidan kanta. Baffa ya kama tsani da hannu biyu, ƙafa ta ƙi ɗaguwa.

"Baffa, ko gwiwar ce?"

"Gwiwata ƙalau. Ba ni kujera."

Ya zauna, ya cire hula ya ɗora a cinya.

"A zamaninmu babu injin ɗaga kaya. Na ƙasa ya jefa jan bulo, na sama ya cafe. Dokar ɗaya ce: ba ka jefawa sai ka ce 'ga shi', ya ce 'turo'. Shekara tara ni da ubanki muna haka, ni a ƙasa shi a sama, har leburori kan ajiye cebur su tsaya kallonmu. Hannu ya saba, sai na fara ganin kiran ɓata lokaci ne. Ranar da ya rasu, ya juya yana gyara igiyar awo. Ban kira ba. Na jefa."

Ya dubi hular da ke cinyarsa, ya ci gaba.

"Ya waiwayo ya ga bulon zai dawo kaina, ya miƙa jiki ya taro shi. Katakon da yake kai ya goce. Aka ce santsi ne, na yi shiru. Har uwarki ta koma ga Allah ban faɗa mata ba."

Ya sunkuyar da kai yana jira ta nuna masa ƙofa. Ita kaɗai ƙanen ya bari a duniya.

Ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

"Ka san abin da ya fi ci min rai? Duk sanda na tambaye ka shi, sai ka miƙe ka ce aiki na jiranka. Har na ɗauka mugun mutum ne."

"Shi? Ko akuya bai taɓa kora da fushi ba!"

"Inna ta ce yana waƙa in yana aiki."

"Waƙa! Asiri ta rufa masa. Murya kamar ana jan kwano a kan siminti, ga shi ba ya gajiya. Sau nawa maigidanmu ya roƙe shi, don Allah ya ji tausayin maƙwabta!"

Dariya ta ƙwace masa, ta zo tare da hawaye. Bai share ba.

Ta jawo bokiti ta kifa, ta zauna a gabansa.

"To, wacce ya fi so?"

Baffa ya gyara murya.