Zanen Lallen da Inna Ba ta Gani Ba

Naja'atu mai lalle ce a Gwarzo, kuma Inna Sa'ada ta Unguwar Tudu, ƙanwar mahaifiyarta, ita ta koya mata. Inna kuwa ba ta iya ganin zane ta yi shiru ba. Ko na amaryar wani gari ne sai ta samo inda reshe ya karkace.

Da mijin Naja'atu, Tasi'u, ya buɗe mata shafi a intanet domin amare su riƙa zaɓen zane, Inna aka fara turawa. Naja'atu ta gyara zama tana jiran tsiya. Abin da ya zo kawai shi ne Allah ya sa albarka. Aka ƙara sababbin zane, amsar ba ta canza ba. Abin ya tsaya wa Naja'atu a rai. Hannunta ne ya gyaru haka, ko ya lalace har Inna ta daina ɓata bakinta?

Ranar Juma'a ta hau mashin ta je gidan Inna. Bayan an gama gaisuwa ta roƙi Inna ta buɗe shafin a gabanta. Inna ta yi ta hanya-hanya, har da zancen tsadar kuka, kafin ta miƙo wayar. Tun da idonta ya raunana aka saita mata ita: fuska baƙa, rubutu rawaya manya-manya. Naja'atu ta duba. Ga sunanta, ga lambobi, amma inda zane yake babu komai sai baƙi ƙirin. Ta buɗe a tata wayar, ga furanni nan reras.

Ta kira Tasi'u. Da ya ji bayani, sai ya yi salati. Ashe da ya ɗauki hoton zanen, ya cire farin takardar ya bar baƙin layi zalla, wai don ya fi tsafta. Wayar Inna ta mayar da shafin baƙi, ta sauya launin rubutu, hoto kuwa ta bar shi yadda yake. Baƙi ya hau baƙi.

"Ke ma ba kya gani?" in ji Inna a hankali. "Na zaci idon ne ya ƙarasa. Na kasa faɗa wa kowa."

Tausayi ya kama Naja'atu. Tsohuwar ta yi makonni tana makokin idonta ita kaɗai, tana sa wa duhu albarka.

Kafin la'asar Tasi'u ya mayar da kowane zane kan farar takardarsa, ya rubuta bayani a ƙasa. Inna ta kawo wayar dab da hancinta, ta daɗe tana kallo.

"Wannan ganyen na tsakiya, da ƙafa kika zana shi?"

Naja'atu ta matso kusa da ita a kan tabarma, ta buɗe mata na gaba.