Rabon Masu Gida

Ku yi mini aikin gafara, ban taɓa rubuta labari ba. Karatu kawai na iya, shi ma a lungun ɗaki. Wannan ɗin ne ya tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi, na ga in ban fitar da shi ba ba zan huta ba. In na yi tuntuɓe a hanya, a yi haƙuri da ɗan koyo.

A gidan hayarmu na Agege, a Legas, akwai wata mata mai suna Salama, 'yar kudancin Kaduna, amma kowa Maman Florence yake kiranta. Mijinta Bonat kafinta ne, sai dai zuciyarsa na wurin ƙudan zuma. A bayan kwatar Oko-Oba akwai wani fili mai katanga, cike da mangwaro da yazawa, wanda Amadou, mutumin Nijar, yake gadi. Nan su biyun suka kafa amyoyinsu: Amadou biyar a gabas, Bonat uku a yamma, a kan gwafanni, don gwiwarsa ba ta son hawan bishiya. Matar Amadou, Mariamu, uwar Mouna, ɗakinta na kallon na Salama, tsintsiya ɗaya suke shara da ita.

Ranar da rikici ya tashi a Ketu, Bonat ya tafi kai wa wani ɗan kasuwa zuma. Bai dawo ba. Waɗanda suka tare danfon, wato motar hayar da ya shiga, ba su tambaye shi ko coci yake zuwa ko masallaci ba, a wurinsu duk wanda ya fito daga Arewa Bahaushe ne. Amadou na cikin waɗanda suka ɗauko gawar. Watanni kaɗan bayan nan Kaduna ta kama da wuta, labari ya riƙa isowa a bakin direbobin tirela, sai gidan da ya yi kuka tare ya rabu biyu ba tare da kowa ya ce uffan ba. Gaisuwa ta gajarce. Mariamu ta sayi tsintsiyarta.

Biyu daga amyoyin Bonat suka watse a wannan tsakanin. Saura ɗaya, wadda Bonat ya saƙa da hannunsa ya shafe da kashin shanu. Kayan aikinsa ƙaninsa Fredrick ya kwashe, tufafinsa an raba wa dangi. Amyar nan ce kaɗai abin da ya bari mai numfashi, ban da Florence. Salama ba ta san komai game da zuma ba, amma duk Asabar takan je ta tsaya daga nesa ta saurari gunjinta.

Da damina ta yi tsaka, ruwan Legas ya ƙi ɗaukewa, furanni suka ƙare, gunjin ya fara raguwa. Ƙuda ɗaya ya fito, sai an jima wani ya shiga. Salama ta gane yunwa ce, don ta san kamanninta. Sai ta tuna da wata al'adar mijinta. Duk lokacin da ya ga abinci ya yi wa ƙudan ƙaranci, yakan zuba zuma a 'yar ƙwarya da yamma liƙis, ya ce bari ya kai wa masu gida rabonsu. Ita dai ƙwaryar ta sani da fitarsa. Ba ta taɓa binsa ba, balle ta ga cewa murfin baya yake buɗewa ya tura ƙwaryar can ciki ya liƙe, kuma sai rana ta faɗi, lokacin da ƙudan kowa ya koma gida.

Akwai kwalba ɗaya da ta rage daga ɗibansa na ƙarshe, tana ƙarƙashin gado, ko Florence da ta yi tari ba a buɗe mata ba. Ita Salama ta ɗauko. Tun abin da ya faru babu macen da ke bin layin dogon da ke kaiwa filin bayan magariba, don haka da hantsi ta je, ruwa ya ɗan tsagaita, rana ta leƙo. Ta tsiyaye rabin kwalbar a ƙwarya, ta ajiye a buɗe dab da ƙofar amyar, yadda ake ajiye wa mara lafiya kunu inda hannunsa zai kai. Ta yi addu'a ta tafi.

Washegari ta tarar da wurin ya cika. Ƙuda ne baƙi ƙirin a kan ƙwaryar, a bakin ƙofar, har a jikin murfin, gunji kuwa tun daga katanga ake jinsa. Ta yi dariya, rabonta da dariya tun kafin Ketu. Ta ƙara zuba sauran zumar, ta dawo gida da sauri ta shaida wa Fredrick, wanda ya zo cin abincin rana, cewa masu gida sun farfaɗo.

Suna cikin maganar Amadou ya yi sallama. Bai shigo ba, a bakin ƙofa ya tsaya yana murza hularsa.

"Madam, ƙudan da kika gani ba naki ba ne. Nawa ne."

Ya yi mata bayani a hankali, idonsa a ƙasa. Ya ce in abinci ya yanke, amya mai ƙarfi takan shinshino mai rauni, kuma ƙwaryar nan ta nuna musu hanya. Sun lashe ta waje, yanzu ta ciki suke kwasa. Ta duba da kyau, za ta ga suna shiga da sauƙi suna fitowa da nauyi, ana kokawa a bakin ƙofa, gawawwaki a ƙasa. Ya ce maganin ba wuya, a ɗauke ƙwaryar, a kwaɓa laka da kashin shanu a matse ƙofar ta koma faɗin yatsa ɗaya, yadda 'yan tsirarun da ke ciki za su iya tsare ta, a lulluɓe amyar da jiƙaƙƙen buhu. Shi zai yi duka kafin la'asar. Izini kawai yake nema, don kayan marayu ne, kuma a irin wannan zamani ba ya son a gan shi yana taɓa amyar Bonat a ce wani abu.

Fredrick ya ture kwanon gabansa.

"Wato ka toshe musu hanci su mutu ke nan, oga maigadi? Sai da ka ga sun tashi sannan tausayi ya kama ka?"

"Fredrick, ni na ɗauko ɗan'uwanka a kafaɗata."

"An gode. Ladan ɗaukar kake nema?"

Amadou ya kau da kai daga gare shi. Salama ya duba. Ita kuwa ta san mutumin nan bai taɓa yi wa mijinta ƙarya ba. Amma ta tuna gunjin da ta ji da safe, ta tuna kwalbar da ta juye har ɗigon ƙarshe, zuciyarta ta ƙi yarda cewa da hannunta ta kira ɓarayi. Maganar Fredrick ta fi sauƙin haɗiya.

"Baban Mouna, ka bar mini kayana yadda suke," in ji ta.

Ya ce to, Allah ya kyauta, ya sa hularsa ya tafi.

Ta daure ba ta koma ba har Asabar ta zagayo. Amma maganar gawawwaki ta ƙi barin kunnenta. Da ta isa, ba ta tsaya daga nesa ba kamar kullum, ta matsa ta sunkuya. Ƙasan gwafar ya yi baƙi da matattun ƙuda, wasu biyu-biyu a sarƙe, tururuwa na ja. A bakin ƙofar ga ɓarɓashin kaki kamar dusa, alamar an yayyaga saƙar. Waɗanda ke fitowa kuwa ba sa ko waiwaye, gabas suke miƙewa.

Da gudu ta nufi kwata. Mahauta suka bi ta da kallo, mace da zanen coci tana kwasar kashin shanu da hannu a cikin leda, wani ya tambaye ta ko miya za a yi da shi. Ba ta ji shi ba. Ta dawo ta kwaɓa da laka, ta shiga liƙe ƙofar, ƙuda na harbinta a wuya da fatar ido, tana liƙewa tana kiran sunan Yesu. Da ta dafa amyar don ta gyara mata zama, sai ta ji ta taso a hannunta kamar kwandon da babu komai. Ta kara kunne. Shiru.

Amadou na tsaye a gindin mangwaro, riƙe da jiƙaƙƙen buhu. Da alama kullum yakan jiƙa shi ya ajiye, ko za ta aiko. Ta tambaye shi ina sauran, don waɗanda ke ƙasa ba su kai yawan amya ba. Ya ce in uwar ƙudan ta mutu, rumbu ya ƙare, waɗanda suka tsira sukan ɗauki abin da ya rage su bi masu fashin gida.

"Wato suna wurinka."

"Suna wurina, madam. Ƙuda bai san iyaka ba."

"Shi ya sa ya fi mu cin riba," ta ce, ta goge hannunta a ciyawa. Ta so ta zage shi, ta duba ta rasa inda zagin zai zauna. Fredrick da ya ji labari cewa ya yi ai dama ya faɗa, asiri ne mutumin ya yi ya janye su. Ta bar shi a kan haka, don in ta ƙaryata shi sai ta faɗi wanda ya ajiye ƙwaryar.

Bayan damina Mariamu ta haihu. Ranar suna tsakar gida ta cika da matan Nijar da na Kano, aka aiko Mouna ta kira Maman Florence, har sau biyu. Ta sa mayafi ta je ta zauna a bakin tabarma. Mariamu da kanta ta taso, duk da jego, ta ajiye mata faranti na masa, ta kwarara zuma a kai ba ƙyashi. Ba ta san komai ba, mijinta bai faɗa mata ba. Tana murmushi ta ce ta ci sosai, bana Allah ya sa wa amyoyinsu albarka, ba su taɓa cika irin haka ba.

Salama ta ce Allah ya raya. Ta zuba wa zumar ido tana gangarowa gefen farantin tana taruwa. Can aka fito da jaririya, mata suka yi kanta da guɗa, kowa na son ya ɗauka. Ta tura farantin ƙarƙashin benci, ta lalubi takalmanta, ta bi ta bayan masu wanke-wanke ta fice.