Keke a Ƙofar Ungozoma

"Wata nawa?" Yaya Tjitske ta tare ni, ko rigar ruwa ban cire ba.

"Wata nawa na me?"

"Cikin mana, Aukje, munafuka! Sai a gidan burodi zan ji labarin ƙanwata?"

Na yi sororo, sai kuma dariya ta ƙwace min har na zame jikin ƙofa.

Abin da ya faru shi ne, ina son Jelmer, son da ke sa in yi wa tumakin kan hanya sallama. Shi a tsibiri yake, ni kuwa da na taka jirgin fito sai numfashina ya sarƙe, ƙafafuna su ƙi ɗaukata. Ya gayyace ni in ga iyayensa, na yi ta kawo uzuri har ya fara tsammanin shi ne ba na so. Na dinga neman masaniyar halayyar ɗan Adam a birane masu nisa, ashe akwai ɗaya a garinmu, Malama Dijkema, can bayan coci. Yau na je wurinta, na fito zuciyata wasai kamar an buɗe taga.

To amma a garinmu kowa ya san keken kowa, nawa kuma ruwan ɗorawa ne, ga kwando. Don kada a ce Aukje ta fara taɓuwa, sai na yi dabara na jingina shi a ƙofar maƙwabta. Ban ko kalli allon da ke jikin ƙofar ba. Gidan ungozoma ne.

"Wayyo cikina!" Yaya ta ce da na gama ba ta labari, tana share hawayen dariya. "Kin gudu daga gulma ɗaya kin faɗa uwarta. Gwaggo Sietske har ta sayi zaren saƙa kayan jariri!"

Wayata ta yi ƙara. Jelmer ne.

"Aukje, matuƙin jirgi ya taya ni murna. Abin da ya hana ki zuwa ke nan?"

"Babu ciki, masoyi. Ruwa nake tsoro. Jirgin nake tsoro, ba kai ba."

Ya saki ajiyar zuciya. "Shi ke nan? Ni da na ɗauka kin gaji da ni! Sai in zo in riƙe miki hannu mu haye."

"Ka bari in ɗan ƙara ganin Malama tukuna." Na juya na kalli Yaya, na ɗaga murya. "Kuma ki gaya wa 'yan gidan burodi: zuwa na gaba a ƙofar Malama Dijkema zan ajiye kekena, har ƙararrawa zan kaɗa!"